Ƙofar da Kaka Ba Ta Rufewa

Duk wanda ya taɓa kai yaro asibitin unguwa ya san Anti Mai Kati. In bai san fuskarta ba ya san hannunta, domin ta wata 'yar taga take miƙo wa mutane katinsu. Gajeriyar mace ce mai saurin hannu da saurin fushi. Ka ce mata ka manta lambar katinka, sai ta ɗago ta yi maka wani kallo da za ka ji kamar kai ka jawo duk cututtukan garin. Yara ne kaɗai ba sa tsoronta. Yaro na tsala ihu don ya hango ɗakin allura, sai ta leƙo da kai ta ce, "Kai, ka ji abin da kyanwar asibitin nan ta yi wa likita jiya?" Kafin ta gama shirga masa ƙaryar, an yi allura an goge wurin.

A makon da wannan abu ya faru, ba yaron da ya ji labarin kyanwa. Anti Mai Kati ta yi ta miƙa wa mutane katin da ba nasu ba, har wani tsoho ya dawo tagar yana tambaya tun yaushe aka sa shi a layin masu awon ciki. Labarai biyu ne suka tsaya mata a wuya, na murna da na kuka, kowanne ya hana ɗayan sakat. Wani kamfanin buga littattafai ya karɓi littafinta na farko. Kaka kuma, wadda dominta ta fara riƙe biro, ta rasu ba ta ji ko layi ɗaya daga cikinsa ba.

Kaka ba kakarta ba ce ta jini, haka dai duk gari ke kiran tsohuwar. Marubuciyar littattafan yara ce, irin littattafan da ake karantawa har bango ya cire a ɗinke shi da zare. A cikinsu Anti Mai Kati ta koyi karatu, kuma saboda su ta sha duka ba sau ɗaya ba, abinci na ƙonewa a kan wuta ita tana tsugune da littafi. Da tsufa ya zo, Kaka ta kama hayar wani ɗaki tsakanin shagon tela da na mai walda, ta jera littattafai a kan katako, ta shimfiɗa tabarmi. Kowace Asabar yaran unguwa su cika ɗakin ta karanta musu.

Tana da wata doka da ba ta taɓa karyawa ba. Ba ta kai labari wurin bugawa sai ta karanta wa yara shi ƙofa a buɗe. Akwai wani tsohon dutsen guga na gawayi, baƙi ƙirin, mai nauyin tsiya, da shi take tare ƙofar. A waje ana buga ƙwallo, mai askirim na wucewa yana matsa hon, kuma ba a hana kowane yaro tashi. In yaro ya fita kafin a kai ƙarshe, labarin bai nuna ba, sai a koma a gyara.

Ranar da Anti Mai Kati ta fara kawo nata labarin, tana sabuwar amarya tana ji da kanta, kafin ta kai rabi ɗakin ya watse, saura yaro ɗaya a gefen bango. Kaka ta leƙa shi ta ce, "Wannan ma barci ne ya riƙe miki shi." Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta kama hannunta ta ce, "'Yar nan, kada ki ji haushinsu. Wurin da yaro ya tashi, nan ne kika daina yi masa magana kika koma yi wa manya. Ki yi mini alkawari ba za ki kai komai injin bugawa ba sai ya tsallake ƙofar nan." Anti Mai Kati ta yi alkawarin tana kumbure-kumbure. Shekaru suka yi ta tafiya, ta haifi 'ya'ya uku, tana rubutu a ɗakin kati lokacin da layin masu karɓar kati ya ɗauke, tana kawowa ana tashi ana bar mata tabarma. Masu tashin dai suna raguwa kaɗan-kaɗan.

Wannan na ƙarshen ta san ya fi sauran. Labarin wata yarinya ce mai tsoron allura, da wata nas mai ƙaton jiki da ƙatuwar murya, wadda ita kuma in ta ga kyankyaso sai ta haye kujera. Tana gama shi Kaka ta kwanta ciwo, aka rufe ɗakin karatu. Anti Mai Kati ta yi ta jira, da ta gaji ta aika wa kamfanin, a zuciyarta tana cewa ai ba karɓa za su yi ba. Sai ga shi sun karɓa. Editan ya roƙi abu ɗaya kawai, ta ƙara shafi guda a tsakiya inda nas ɗin za ta yi wa yarinyar bayani kan tsabta da biyayya ga iyaye. Ya ce ba yara ke sayen littafi ba, iyaye ne da shugabannin makarantu, kuma su darasi suke nema. Ta zauna ta rubuta shafin da hannunta, ya yi kyau a ido, edita ya yaba.

Ana cikin zaman makokin Kaka editan ya bugo mata waya.

"Hajiya, ranar Litinin da safe za mu ɗora shi a inji. Ki ce mini to kawai."

"In na ce a ɗan dakata fa?"

"Dakata? Ana dab da komawa makaranta? Littattafan aji za su shige gabanki, kuma wallahi ban san ranar da layi zai sake zuwa kanki ba. Wataƙila baɗi. Wataƙila mai kamfani ya ce a manta da shi gaba ɗaya."

Ta ce za ta kira shi. Ta ajiye wayar. Ta riga ta ji wani labarin: ranar Asabar za a yi taron tunawa da Kaka a ɗakin karatu, daga nan a kwashe littattafai a mayar wa mai ɗakin makullinsa. Asabar ɗin nan ce ta ƙarshe da yara za su zauna a kan tabarmin nan ƙofa a buɗe.

Maigidanta direban bas ne, mutum mai sauƙin kai, ba ya ganin dalilin da za a ɗora wa rai abin da ba a tilasta ba. Yana wanke hannu zai ci abinci ya ce, "Ke fa Marubuciya kin cika neman wahala. Ga yaranki nan uku, tara su ki karanta musu, shi ke nan an cika alkawari."

"Waɗannan? Ni nake zuba musu abinci, ina za su tashi su je?"

"To ai baiwar Allah ta riga mu gidan gaskiya. Wa zai tambaye ki?"

"Ba wanda zai tambaye ni," in ji ta. "Abin da ya hana ni barci ke nan."

Wadda ke riƙe da taron ita ce 'yar Kaka tilo, lauya ce a wani gari, doguwa mai tabarau, wadda ba a cika ganin haƙoranta ba. Anti Mai Kati ta same ta a ɗakin karatu ranar Juma'a da yamma tana jera littattafai a kwali.

"Yaya, sannu da aiki. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Malama."

Wannan "Malama" ɗin ya fito da sanyi kamar ruwan firiji. Duk da haka Anti Mai Kati ta daure ta faɗi abin da ya kawo ta. Lauya ba ta daina jera littattafan ba.

"Tun da Mama ta rasu kowa ya zama ɗalibinta. Jiya ma wani ya zo yana so a manna hotonta a bayan littafinsa. Taron tunawa za mu yi, Malama, ba kasuwa za mu ci ba."

Ran Anti Mai Kati ya ɓaci, har ta ji amsa ta taso mata a harshe, irin wadda take watsa wa masu ɓatar da kati. Ta haɗiye ta da ƙyar. "Ba talla zan yi ba, Yaya. Ko kwafi ɗaya babu a hannuna. Alkawari na ɗaukar mata, kuma in ba gobe ba, babu wata rana."

Lauya ta dube ta ta saman tabarau, ta daɗe tana dubanta. "A ƙarshe, bayan manya sun gama jawabi. In yaran sun saura."

Manya kuwa suka yi jawabi. An jera musu kujerun roba a jikin bango, yara suna tsakiya a kan tabarma, tela maƙwabci ya tare ƙofa da dutsen guga kamar yadda ya saba yi wa Kaka. Wani tsohon shugaban makaranta ya tashi zai yi minti biyu, ya ba da tarihin kansa tun daga ranar da aka sa shi aji ɗaya, sai can wajen ƙarshe ya tuna da marigayiya. Wani ya karanta waƙar da shi kaɗai ya gane ta. Yara suka fara mintsinin juna, wasu suka zame suka gudu. Anti Mai Kati tana gefe da takardunta a cinya. Duk yaron da ya fita sai ta bi shi da kallo.

Da aka kira ta, rana ta yi zafi, yaran da suka rage sun gaji kuma yunwa ta fara cin su. Ba ta tsaya gaban makirfo ba. Ta tattare zanenta ta zauna a kan 'yar kujerar Kaka, daidai tsayin yaran, ta fara karantawa. Ko layi uku ba ta yi ba mai walda ya kunna injinsa, ƙara ta cika ɗakin. Kamar an haɗa baki, sai ga hon ɗin mai askirim daga bakin titi. Kawunan yara suka juya gaba ɗaya.

Lauya ta miƙe. Ta sa ƙafa ta ture dutsen gugan gefe, ta ja ƙofar ta rufe, ta jingina bayanta da ita ta harɗe hannuwa.

Ɗakin ya yi tsit. Yara suka dawo da idanunsu kan Anti Mai Kati, domin ba wanda zai iya ratsa doguwar matar nan ya fita. Manya suka gyara zama suna gyaɗa kai, an yi maganin hayaniya. Anti Mai Kati ta ci gaba da karatu, wani sauƙi ya sauko mata a ƙirji, sauƙin da ta ji kunyarsa tun kafin ya gama sauka. Ga hanya an share mata. Za ta karanta har ƙarshe, ba yaron da zai tashi, ta kira edita ta ce to, kuma in an tambaye ta ta rantse cewa a ɗakin Kaka ta karanta ba wanda ya fita. Ba ita ta rufe ƙofar ba ma. Ta ƙara layi biyu. Idonta ya kai kan dutsen gugan da ke yashe a gefe, bakinsa a wangale. Sai ta sauke takardar.

"Yaya, don Allah a buɗe ƙofar."

Aka fara gunaguni a layin kujeru. Lauya ta ɗaure fuska. "Hayaniya ce ta yi yawa, Malama. Taimakonki nake yi."

"Na sani, na kuma gode. Amma Kaka ba ta rufewa."

Shugaban taro ya yi gyaran murya ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, a ci gaba, lokaci na tafiya. Ba wadda ta kalle shi a cikinsu. Anti Mai Kati ta san abin da ta yi: ta gyara wa 'yar marigayiya zance a gaban mutane, a ɗakin uwarta, ranar tunawa da uwarta. Kalma ɗaya Lauya za ta faɗa a tashi taron, kuma ba mai ganin laifinta. Duk da haka Anti Mai Kati ba ta sauke ido ba.

Lauya ta juya a hankali ta murɗa ƙofar. Ta sunkuya da kanta, duk da tsadaddiyar rigarta, ta jawo dutsen gugan da hannu biyu ta tare. Ƙarar walda da hon da ihun 'yan ƙwallo suka sake afkowa ciki. Ba ta koma kujerarta ba, ta tsaya daga gefen ƙofar, ta bar hanya.

Anti Mai Kati ta ɗaga murya, irin wadda take kiran suna da ita ta tagar kati. Ta yi muryar yarinya mai tsoro, ta yi muryar ƙatuwar nas. Da kyankyaso ya leƙo daga ƙarƙashin tebur nas ta haye kujera tana salati da allura a hannu, yara suka fashe da dariya, wani ya kwanta a tabarma yana dukan ƙasa. Mai askirim ya gaji da matsa hon ba wanda ya waiwaye shi. Hawaye suka ciko mata, ta ce a ranta, Kaka, kina gani?

Sai ta buɗe shafin darasi.

Tun daga layin farko ta ji ɗakin ya canza. Nas ta sauko daga kujera ta fara bayanin muhimmancin tsabta, manya suka shiga gyaɗa kai suna cewa haka ne. Wata 'yar yarinya mai jan ribon a kai, wadda ɗazu ta fi kowa dariya, ta yi hamma, ta dubi waje, ta miƙe ta kaɗe siket ɗinta. Ba da fushi ba, ba da raini ba, ta dai gama da wurin ne kawai. Ta tsallake ƙafafun 'yan'uwanta ta wuce ta gaban Lauya ta fice. Wata ta bi bayanta. Anti Mai Kati ta ji kamar ta tsallake shafin ta cafko sauran, amma dokar ba ta yarda da tsallake ba, abin da za a buga shi ake karantawa. Ta karanta shi har layin ƙarshe, kowace kalma kamar tana tauna yashi. Da aka koma kan kyankyaso sauran yaran suka farfaɗo, suka raka ta har ƙarshen labari da dariya.

Manya suka yi tafi sosai. Shugaban taro, wanda ya ji ƙishin-ƙishin, ya ce, "To Hajiya, ba za ki yi mana albishir ba? Mun ji an ce littafi na hanya."

Ta miƙe. "Gaskiya ne, an karɓi littafina, kuma shi ne na farko. Da Litinin ɗin nan za a buga shi." Ta dubi ƙofar. "Amma ba za a buga ba. Yara biyu sun fita. Duk abin da na iya, a ɗakin nan na koya, a wurin matar da ba ta taɓa riƙe yaro da ƙarfi don ya saurare ta ba. Ina kewarta ƙwarai. Allah ya jiƙan Kaka."

Aka amsa da amin a rarrabe, wasu na kallon juna, ba su gane me ya haɗa fitar yara da injin bugawa ba. Tela maƙwabci ne kawai ya sa hular hannunsa ya goge ido.

Ta fita bayan shagon ta kira edita kafin zuciyarta ta canza shawara. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce shafin nan shi ne ma mafi kyau a littafin. Ta ce a cire shi, kuma ko an cire sai ta sake gwadawa. Ya ce to ta sani ya ba wani layinta, sauran kuma sai abin da mai kamfani ya ce. Ya kashe wayar ba sallama. Ta jingina da bango ta yi kukanta mai isarta, na Kaka da na littafin a haɗe.

Da ta dawo ɗaukar jakarta an watse, saura Lauya tana naɗe tabarma.

"Kin san yarinyar da ta fara fita a duniya?" in ji Lauya, ba ta ɗago ba. "Ni ce. Mama na karanta mini labarinta na farko na tashi na tafi wasana. Ta biyo ni har tsakar gida da takarda tana tambaya, a ina na gundure ki? Na nuna mata, ta yage shafin a gabana." Ta jingine tabarmar a bango. "Yau ma a daidai wurin nan na so in fita. Girma ne ya hana ni."

Anti Mai Kati ta yi dariya cikin hawaye. Lauya ta je bakin ƙofa ta ɗauko dutsen gugan ta ɗora mata a hannu, nauyinsa ya kusa kayar da ita.

"Ɗauki, ƙanwata. Ni ofishina kullum a rufe yake."

Asabar ta gaba, a ɗakin zaman Anti Mai Kati aka shimfiɗa tabarma. Maigidan ya riga ya yi tuntuɓe da dutsen gugan tun da safe, yana ɗingishi yana tambaya ko gadon da aka ba su ke nan. Edita bai kira ba, kuma ba ta san ko zai kira ba. Tela ya turo yaran unguwa, ciki har da mai jan ribon, wadda ta zauna daf da ƙofa ƙafa ɗaya a waje. Anti Mai Kati ta karanta, nas ta haye kujera, aka yi dariya. Aka iso wurin da shafin yake a da, kuma daidai nan hon ɗin mai askirim ya shigo layin. Yarinyar ta juya ta leƙa titi. Anti Mai Kati ta tsayar da karatun ba ta sani ba.

Yarinyar ta waiwayo, ta janyo ƙafarta ciki ta tanƙwashe.

"Anti, ci gaba mana. Sai kyankyason ya yi me?"